Sharhi: Yadda Gidajen Tarihi a Amurka Ke Tuna Mazan da Suka Kwanta Dama a Yaƙin Neman 'Yanci

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. A Litinin ta ƙarshe a watan Mayun kowace shekara Amurka ke hutun tunawa da sojojinta da suka mutu a bakin daga. Al'adar ta samo asali ne bayan yaƙin basasar ƙasar, inda aka fara ta a faɗin ƙasa ranar 30 ga Mayun 1868, sai a 1971 aka mayar da ita Litinin. Amma gidajen tarihin da suka keɓanta da yaƙin neman 'yanci daga Ingila, wanda aka gwabza daga 1775 zuwa 1783, su ma sun rungumi ranar. Fitacce a cikinsu shi ne wanda aka buɗe a birnin Filadelfiya ranar 19 ga Afrilun 2017.

Matsalar farko da mai tsara irin wannan biki ke cin karo da ita, ita ce su wa ake tunawa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa waɗanda suka faɗi a fagen fama daga ɓangaren Amurka ba su wuce 6,800 ba, alhali waɗanda cuta ta kashe sun kai kimanin 17,000. Agana da atini da zazzaɓin taifod su suka fi harsashi ɓarna. A sansanin Valley Forge kaɗai, a hunturun 1777 zuwa 1778, kusan mutum 2,000 suka rasu ba tare da an yi wata babbar arangama ba. Wasu dubbai kuma sun ƙare ne a cikin tsofaffin jiragen ruwan da Turawan Ingila suka mayar kurkuku a gaɓar Brooklyn da ke New York, kuma hasumiyar da aka gina musu a 1908 tana tuna mutum fiye da 11,500. Don haka shirin da ya tsaya ga ganga da harbe-harbe ya bar mafi yawan mamatan a waje.

Sai batun sunaye. Karanto sunayen mamata shi ne ƙashin bayan irin wannan rana, to amma gobarar da ta tashi a ma'aikatar yaƙi a watan Nuwamban 1800 ta cinye takardu masu yawa. Abin da ya rage shi ne rajistar kiran suna ta kowace runduna, da takardun albashi, da na neman fansho ƙarƙashin dokokin 1818 da 1832. Takardun fanshon nan kuwa galibi na waɗanda suka tsira ne, wanda ya mutu yana saurayi babu mata babu ɗa ba shi da mai rubuta masa. Akan tarar da mutum guda an rubuta sunansa iri uku, ko baƙar fata an sa masa suna ɗaya tal ba na mahaifi. Mai bincike ba ya sa suna a jerin da za a karanta sai ya gwada shi da takarda ta biyu, in ba haka ba sai a karanto mutum sau biyu, ko a yi wa wanda ya gudu daga soja addu'ar gwarzo.

Ga waɗanda sunansu ya ɓace gaba ɗaya, akwai kabarin sojan da ba a san ko wane ne ba a dandalin Washington da ke Filadelfiya, tafiyar 'yan mintoci daga gidan tarihin birnin. Tun a 1777 John Adams, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin, ya rubuta cewa an shaida masa sojoji fiye da 2,000 ne aka binne a wannan fili. Can ake kai furanni. Tsarin ranar kuma sananne ne: tuta na zama a rabin sanda daga safe zuwa tsakar rana sannan a ɗaga ta sama, da ƙarfe uku na yamma kuma a yi shiru na minti ɗaya. Mai tsara shiri da ya sa harbin nuni ya faɗo a daidai ƙarfe ukun ya yi babban kuskure.

Shi kansa harbin nunin yana da ƙa'idojinsa. Bindigar zamanin 'yar'uwar bindigar toka ce irin ta mafarautanmu: ƙanƙara, wato dutsen ƙyasta wuta, ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da ke gefe, wuta ta bi ta ƙaramar kafa ta kama na cikin bututu. Ana ɗura albarushi kawai a ƙunshin takarda, babu dalma, kuma ana duba kowace bindiga kafin a fito. Ana sa wa ƙarfen kube na fata don kada ta tashi da kanta, a ɗaura shingen igiya tsakanin masu harbi da 'yan kallo. In iska ta yi laima albarushi kan ƙi kamawa, in ƙanƙara ta dakushe ba ta ba da tartsatsi. Mafi haɗari shi ne wutar da ta yi jinkiri: an ja kunama, shiru, mutum ya sauke bindiga ya duba, sannan ta tashi. Shi ya sa doka ita ce a ci gaba da riƙe bakinta can nesa da jama'a na ɗan lokaci kafin a taɓa ta. Masu sanye da kayan sojan da kuwa rigunan ulu ne a jikinsu, ga zafin ƙarshen Mayu, sai an tanadi ruwa da inuwa da sauyin mutane, in ba haka ba wani zai yanke jiki ya faɗi a gaban yara.

Abin da ya fi jan jama'a a Filadelfiya shi ne tantin da George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, ya kwana a ciki lokacin yaƙin. Yadi ne na lilin da ya haura shekara 240, haske yana cin irinsa, shi ya sa masu adana kayan tarihi ba sa bari hasken da ke kan tsohon yadi ya wuce lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske, wato haske ne mai rauni sosai. Yana bayan gilashi, an ɗora shi a kan wani firam mai kama da laima don kada nauyinsa ya yage shi, kuma ana nuna shi na ɗan lokaci ne kawai bayan gajeren fim. Ranar hutu cunkoso kan ƙara zafi da laima a zaure, don haka ake shigar da mutane rukuni-rukuni bisa lokacin da ke kan tikiti. Wanda akan kafa a fili don jama'a su gani kwafinsa ne, da aka ɗinka da hannu a garin Williamsburg a 2013.