Darasi: Abin da Jinin Barewa Ya Tona

Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Bauchi. Yau hirarmu kan barewa ce, amma ba irin tamu ba. Ta ƙasashen sanyi nake nufi, wadda ƙahonta ke rassa kamar bishiya, ya faɗi duk shekara wani ya tsiro.

Kun san alfadari, wanda aka tambaye shi ubansa ya ce doki ne kawunsa. To shi ba ya haihuwa, zancensa a kansa yake ƙarewa. Na barewar nan ba haka ba ne, ku biyo ni a hankali.

A Sikotland akwai jar barewa, 'yar ƙasa, babba. Sai a 1893 aka kawo wata ƙarama mai ɗigo-ɗigo, sika, asalinta Japan, aka sake ta a yankin Kintaya. Ta bazu cikin daji. Saboda bambancin girma, da wuya su kula juna. Amma fa wani lokacin sukan haɗu, kuma ɗan da aka samu yana haihuwa. Ya koma ya hau jar barewa, jikansa ma haka. Kafin tattaɓa-kunne, ko tsohon maharbi ya gan shi zai rantse tsantsar ja ce.

Ido ya gaza, sai aka koma ga ƙwayoyin gado. Masana a Jami'ar Edinbura suka ɗebi tsokar barewa 735, suka duba wurare 22 a cikin ƙwayoyin gadon, inda kowane iri ke da tambarinsa, kamar dai tsagar fuska. Sakamakon ya fito a 2009: kusan bakwai cikin ɗari ruwa biyu ne. Amma a wani wuri guda, yamma da tafkin Loch Awe, 43 cikin ɗari!

Ga abin da ya fi burge ni. Akwai gadon da ba a samunsa sai ta wajen uwa. Da aka bi sawunsa, sai ga shi galibi namijin sika ne, ƙaramin, ke hawa jar macen.

Mu ma abin ya shafe mu. A 2006 an kawo namun daji daga Namibiya zuwa gandun dajin Sumu da ke nan jihar Bauchi, har da kanki, alhali Yankari na da nata kankin. Ɗalibanmu na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), ku da ke karatun halittu, jinin waɗannan biyun ya kamata a ɗiba a adana tun ba su gamu ba.