Darasi: Yadda Gasar Hurling ta Ƙasar Ailan ta Soma

Assalamu alaikum, masu sauraro. Darasinmu na yau zai kai mu tsibirin Ailan, domin mu ga yadda aka soma gasar hurling ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake kira All-Ireland. Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ya ɗan yi kama da ƙwallon gora, sai dai sandar, wadda ake sassaƙawa daga itace, tana da faɗin baki kamar muciya, kuma ɗan wasa yana iya cafke ƙaramar ƙwallon fatar da hannu, ko ya ɗora ta a bakin sanda ya yi gudu da ita.

Wasan ya daɗe ƙwarai a Ailan, amma a ƙarni na 19 ya kusa mutuwa, musamman bayan babbar yunwar da ta soma a 1845, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kuma kori wasu da yawa zuwa ƙasashen waje. Wannan ya sa a ranar 1 ga Nuwamba 1884 wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack da wasu 'yan tsirarun mutane suka haɗu a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles, suka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya ta Gaelic Athletic Association, wato GAA, domin farfaɗo da wasannin gargajiyarsu, a lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Maurice Davin ne shugabanta na farko.

Gasar farko ita ce ta 1887, kuma a nan nake so ku kasa kunne sosai. A wancan lokaci ba a tsinto gwanaye daga ko'ina a gunduma a haɗa ƙungiya ɗaya kamar yau. Kulob ɗin da ya zama zakara a gundumarsa shi ke wakiltarta, wato galibi manoma da leburori na gari ɗaya da maƙwabtansu. Saboda jinkiri da rigingimun cikin gida, ba a buga wasan ƙarshe ba sai ranar 1 ga Afrilu 1888, a wani fili a garin Birr, inda Thurles ta gundumar Tipperary ta kara da Meelick ta gundumar Galway. Kowane ɓangare mutum 21 ne, sai ku auna yadda fili zai cika da mutum 42 kowa riƙe da sanda. Thurles ta yi nasara da ƙwallo ɗaya a raga da maki ɗaya (a yau ana samun maki ne idan ƙwallo ta wuce ta saman sandar raga), Meelick kuwa ba ta ci komai ba.

Lissafin cin ma ya bambanta da na yanzu. A shekarun farko, ƙwallo ɗaya a raga ta fi kowane adadin maki, ko da abokan karawa sun tara goma. A 1892 aka mayar da ita daidai da maki 5, aka kuma rage 'yan wasa zuwa 17, sannan a 1896 ta koma maki 3, kuma haka take har yau. A ganina wannan gyara ne ya buɗe wasan, domin daga nan mai iya auna ƙwallo daga nesa ya samu daraja, ba mai ƙarfin turereniya a bakin raga kaɗai ba.

Gasar 1888 kuwa ba a kammala ta ba. A shekarar aka fara tsarin larduna, inda gundumomi ke fara karawa a cikin lardinsu, amma sai shugabannin GAA suka kwashi 'yan wasa kusan 50 zuwa Amurka neman kuɗi. Tafiyar ba ta yi riba ba, bashi aka dawo da shi, kuma da yawa daga cikin samarin suka yi zamansu a can.

Duk da haka gasar ta ci gaba. Dublin ta ci ta 1889, Cork ta ci ta 1890, sannan a gasar 1891 mutanen ƙauyen Ballyduff na gundumar Kerry suka doke Wexford bayan ƙarin lokaci, suna wasa ba takalmi a ƙafarsu. Wannan labari yana taɓa mini zuciya, domin har yanzu Kerry ba ta sake cin wannan gasa ba. Cork ta ci sau uku a jere daga 1892 zuwa 1894, Tipperary ta mamaye sauran shekarun ƙarnin, har ma 'yan Ailan mazauna Landan suka ci ta 1901.

Kilkenny, wadda a yau ta fi kowa yawan nasara, sai a gasar 1904 ta fara ci, amma kafin ƙarshen 1913 ta tara guda 7. A wannan shekara ta 1913 ne aka tsayar da 'yan wasa a kan 15, GAA kuma ta sayi filin Jones' Road a Dublin, ta raɗa masa suna Croke Park domin girmama Akbishop Thomas Croke, ɗaya daga cikin iyayen ƙungiyar tun kafuwarta. Kofin Liam MacCarthy da ake ɗagawa a yanzu ya zo ne daga baya, kuma Limerick ce ta fara karɓarsa a matsayin zakarar 1921, a wasan da ba a buga ba sai 1923.