Iskar Bazara Ba Sanyi Take Kawo Maka Ba

(An rubuto wannan lacca daga faifan murya. Wani ma'aikacin lafiya ne ya gabatar da ita ga 'yan kabu-kabu a Sakkwato, a shigowar bazara.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? Ku matso cikin rumfa, ba ya yiwuwa mu yi maganar rana wasu na tsaye cikinta. Yauwa.

Abu huɗu na zo da su: jiki, tufafi, mashin, da abin da za a yi idan mutum ya faɗi.

Kun fi ni sanin watan Afrilu a garin nan. Ma'auni yakan wuce digiri 40 kusan kullum, wata rana ya taɓa 44 ko 45, kuma a inuwa ake auna wannan, ba a kan kwalta inda kuke wuni ba. A ranar 3 ga Afrilun 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5. A Bamako, asibitin Gabriel Touré ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗun farkon watan, alhali a shekarar da ta gabata 130 aka ƙirga a watan gaba ɗaya. Mutane ne irinmu, a ƙasa irin tamu, kuma cikin azumi.

To na farko. Duk ɗan kabu-kabun da na tambaya, sai ya ce, "Ai Malam, in ina gudu ba na jin zafi, sai na tsaya." Wa ya taɓa faɗin haka? Ga hannuwa nan. Wannan maganar ita ta fito da ni daga gida yau.

Fatar ɗan Adam zafinta wajen digiri 34 zuwa 35 ne. Cikin jiki 37. Idan iskar da ke bugun ka ta fi fatarka sanyi, kamar da asuba ko lokacin hunturu, tana ɗauke maka zafi. Amma idan iskar 43 ce, ta fi ka zafi, to me za ta ɗauka? Ita ce za ta ba ka. Kana ƙara wuta, tana ƙara zuba maka zafi a jiki. Ka ƙara gudu, ka ƙara karɓa. Ku riƙe wannan, don Allah: bayan 35, iska ta sauya ɓangare.

Abu ɗaya ya rage mai kare ka, shi ne gumi. Kun san randar ƙasa, yadda take tsatsafo da ruwa ta bayanta, iska ta busar, ruwan ciki ya yi sanyi. Haka jiki yake aiki. Sai dai randa idan ba a ƙara mata ruwa ba, ƙafewa take. Mai aiki a rana yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya, wani ma fiye. Lita guda fiya wata biyu ke nan. Kuma iskarmu ta nan busasshiya ce, gumin yana fitowa tana lashe shi, ba za ka ga ko ɗigo ba. Sai da yamma ka cire riga ka ga farin layi a bayanta da hammata. Gishirin jikinka ne wannan. Ka yi gumi sosai, ba ka sani ba ne kawai.

Shi ya sa idan na ga yaro da singileti da silifas yana tsala gudu a hanyar Gusau, raina yake ɓaci. A ganinsa iska yake sha. Rana tana cin kafaɗarsa, iska mai zafi tana cin ƙirjinsa. Ku dubi Buzaye. Mutanen da suka gaji ratsa hamada daga Agadas zuwa Bilma ɗaukar gishiri, kun taɓa ganin ɗayansu ya tuɓe riga don zafi? Riga mai yalwa, rawani, ido kaɗai a waje. Ba ado ba ne kawai, ilimi ne. Tufa tana tare rana, tana rage bugun iska, ta bar gumi ya bushe a hankali ya yi aikinsa. Ah, ga shi na shiga na biyu ban sanar ba. To mu ci gaba a haka.

Riga mai dogon hannu, ta auduga, mai haske, ba matsattsiya ba. Takalmi rufaffe, domin injin da salansa suna gasa ƙafa. Sannan ɗan ƙyalle ko rawani, ka jiƙa shi ka naɗa a wuya. Ka jiƙa rigar ciki ma, ka ɗora ta sama. A busasshiyar iska wannan yana aiki ƙwarai, in ya bushe ka sake jiƙawa. Amma idan Mayu ya yi nisa, hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, jiƙawar ba ta yin tasiri kamar da, sai dai inuwa.

Hular kwano kuwa, na ga ana murmushi. Na san tun 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta matsa a kanta ake wannan rigimar, har aka riƙa kifa ƙwarya a ka. (Dariya.) Ƙwarya ta fura ce. Hula fara mai kafofin iska inuwa ce da kake yawo da ita, kuma kwalta ba ta yin laushi don ana zafi.

Mu koma kan ruwa, don ban gama ba. Kada ka jira ƙishirwa, in ta zo an riga an makara. Kowace awa fiya wata ɗaya ko biyu, kaɗan-kaɗan. Ka duba fitsarinka: in ya yi ja kamar shayi, ko ka wuni ba ka yi ba, jikinka ya bushe. Ka haɗa ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake ba yara masu gudawa: lita guda, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kuma ina roƙon ku, maganin ciwon jiki da ake haɗiya kullum, su diclofenac da ibuprofen, a busasshen jiki ƙoda suke ci. Tramadol kuwa ɓoye maka gajiya yake har ka faɗi. Wankin ƙoda ba abin da ɗan kabu-kabu zai iya biya ba ne.

Mashin, da sauri. Boxer ɗinku da Jincheng iska ce ke sanyaya injinsu, don haka kada ka bar shi yana aiki a tsaye. A sauya baƙin mai a kan lokaci. Iskar taya da safe ake aunawa, kafin ta ɗau zafi. Kada ka watsa wa injin mai zafi ruwa.

Na uku, ko na huɗu ne? Idan abokinka ya ce kansa na sarawa, yana jin jiri, jijiyar ƙafa na ɗaurewa, a sauke shi a kai inuwa. In ya fara magana ba kan gado, ko bai gane ka ba, rana ta buge shi, kuma wannan kisa take. A kwance masa tufafi, a kwarara masa ruwa, a yi ta fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. In akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ku tuna lokacin sanƙarau ne.

Na'am, ƙanena, faɗi.

(Wani matashi: "Malam, mashin ɗin ba nawa ba ne. Balas na jira na da dare. In na kwanta a inuwa, wa zai biya?")

Allah ya yi maka albarka. Gaskiya ka faɗa, kuma ba zan ce ka bar neman abinci ba. Abin da zan ce, ka ja aikin gaba. Ka fito bayan sallar asuba, ka kwashi 'yan makaranta da 'yan kasuwa, daga azahar zuwa la'asar ka sassauta, lokacin ma fasinja ya fi ƙaranci kana ƙona mai a banza. In dole ne ka fita, kowace awa minti goma a inuwa da ruwa a hannu.

Amma nauyin ba naka ba ne kai kaɗai. Masu mashina, na san akwai ku a nan. Alhaji, yaron nan in ya faɗi, da shi da mashin ɗinka za su faɗi. Rage balas na wata biyu, Afrilu da Mayu, ya fi maka sauƙi. Shugaban ƙungiya kuma, kuna karɓar kuɗin tikiti kullum. Rumfar zana da randa biyu a kowace tasha nawa za su ci? A ɗauki mutum ɗaya ya riƙa cika su safe da rana. Sakatare, rubuta wannan, a kawo shi zaman ƙungiya na gaba, ni kuma zan zo da fakitin gishiri da sukari na farko. Akwai wani hannu can baya, bismillah.