Wa ke auna numfashin gawo?

Auta: Jama'a barkanmu da yamma, daga ƙauyenmu nan gefen Ringim. Tun makon jiya kuke ta turo mana labarin nan da ke yawo a WhatsApp, wai tsirrai na shan iskar kabon fiye da yadda aka zata. Malam, da gaske ne?

Malam: Da gaske ne. A 2024 binciken ya fito a mujallar Nature, masana na Jami'ar Cornell ta Amurka ne suka ja gaba. Da ana cewa tsirran doron ƙasa na ɗauke kabon tan biliyan 120 a shekara, su suka ce 157 ne.

Kawu: To wa ya ɗora ganye a sikeli?

Malam: Ai nan gizo ke saƙa, Kawu. Ganye na shaƙar kabon da rana, amma shukar da ƙasar da take kai suna fitar da shi dare da rana. Na'urar da ake kafawa saman hasumiya ragowar kawai take gani. Kamar rumbu ne da ake zubawa ana ɗiba: ka leƙa ka ga dami goma, ba ka san nawa aka zuba ba. Shi ne aka koma bin sawun wata iska, kabonil salfaid. 'Yar mitsitsiya ce, kusan kashi 500 cikin tiriliyan ɗaya na iskar da muke shaƙa. Ƙofa ɗaya suke bi da kabon su shiga ganye, ita kuwa in ta shiga wani sinadari ya wargaza ta, ba ta dawowa. In ka auna yadda ta ragu saman gona, ka samu bakin zaren abin da ganye ya sha, sai a gyara lissafin kwamfuta da shi.

Auta: Har da gerona?

Malam: Yawwa, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Gero da dawa da masara, yadda suke kama kabon ya bambanta da na shinkafa da wake, ba a yi musu awo da mudu ɗaya. Ga ƙasa in ta yi zafi ita ma tana fitar da kabonil salfaid ɗin, haka ƙona kara da daji. Ga gawo, da damina ya kakkaɓe ganye, da rani ya yi shar.

Kawu: Gawo ai na akuya ne. Bunsuruna in ya ji 'ya'yan gawo sun faɗo, ko igiya biyu ka sa masa sai ya tsinke.

Auta: Wanda ya cinye wa Inna zogale?

Kawu: Ba shi ba ne, ja ne ya ci.

Auta: Kawu, Inna ta ce baƙi ta gani, har da gemu.

Kawu: Da magariba kowane bunsuru baƙi ne. Kuma ai na kai mata ƙwai.

Auta: Ƙwan zabon da ita ta ba ka kiwo!

Malam: Ku bari in ƙarasa. Lissafin da bai san gawo ba zai ɗauka gonakinmu barci suke da rani. A Senegal, yankin Niakhar, an kafa hasumiya cikin gonakin gawo ana auna kabon da ruwa. A Nijar ma, a Wankama, an auna saman gonar gero da saura, wato gonar da aka bari ta huta. Ni so nake in ga irinta a Jigawa, ɗalibanmu na karanta na'urar da kansu, a ƙara da awon kabonil salfaid ɗin. Domin da lissafin nan ake hasashen zafin da ke tafe, kuma mu ne a bakin Sahara.

Auta: Mun ce za mu taɓo batun kuɗin kabon da ake wa manoma alkawari, amma cajin wayar ya yi ja.

Malam: Minti ɗaya, batun damina...

Auta: Sai mako mai zuwa, Malam. Ku ci gaba da turo saƙo.