Hasken rana sola ke so, ba zafinta ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau saman kwano za mu hau.

Idan bazara ta kankama, wajen watan Afrilu, rana ta take tsaka har kwalta na narkewa, za ka ji wani ya share gumi ya ce, "Kai, yau masu sola sun more." To ba su more yadda ake zato ba. Farantin sola ba ya son zafi, haske yake so. Ranar da ka fi jin jiki, shi ma yana jin jiki.

Ku dubi farantin nan da kyau. Kun ga an rarraba shi gida-gida kamar gurbin dara? Kowane gida an yi shi ne da silikon, sinadarin da ake tacewa daga farin dutse da yashi. Ana yin sa hawa biyu, a sa wa kowane hawa ɗan wani sinadari daban, galibi fosforos a ɗaya, boron a ɗaya. Idan haske ya sauka a kai, sai ya zaburar da ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke ciki, bambancin hawa biyun kuma ya tilasta musu bin hanya guda. Waɗannan siraran layuka masu ƙyalli su ke kwashe su zuwa waya. Gida ɗaya kusan rabin bolt kawai yake bayarwa, shi ya sa ake jera su da yawa, a ɗaura wannan da wancan. Babu abin da ke juyawa, babu mai, babu hayaƙi.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1839 wani matashi Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya gano cewa haske na iya haifar da lantarki. Sai a 1954 masana a Bell Labs da ke Amurka suka ƙera na silikon mai amfani, wanda ke juya kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya same shi. Na kasuwa a yau sun haura kashi 20. Yawancinsu daga Sin suke zuwa, kuma tsakanin 2010 da 2020 farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, ciyar da janareta ya gagari mutane da dama, sai ido ya koma sama.

Mu juya bayan farantin. Ga takardar da kamfani ya manna, an rubuta wat 550. A ɗakin gwaji aka samu wannan adadi, farantin yana kan ma'aunin zafi digiri 25. A saman kwano a Sakkwato ko Maiduguri da tsakar rana, jikinsa na iya kaiwa digiri 65. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, yana rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na kashi 1 cikin 100. Ƙarin digiri 40 ke nan, asarar kusan kashi 14. Wat 550 ɗinka ya koma wajen 470, kuma ba wanda ya cuce ka. Shi ya sa gwanin haɗi ba ya manna faranti a jikin kwano, yakan ɗaga shi ya bar wa iska hanya ta ƙasa. Yakan kuma fuskantar da shi kudu, ya ɗan karkata shi digiri 10 zuwa 15, don a nan yankin namu haka ya fi tarar rana a tsawon shekara, ruwan sama ma ya samu gangara.

Sai ƙura. Da hunturu sanyi na yi wa farantin daɗi, amma hazo na tare haske, buji kuma na kwanciya a kan gilashin. Ku ga yadda na ja yatsa, layi ya fito kamar an yi rubutu a bayan mota. Wannan ƙurar kuɗinka take ci. Maganinta ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma liƙis. Kada a kwara ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana, kuma kada a goge shi a bushe, yashi na kankare shi. Inuwa ma haka take. Tunda gidajen a ɗaure suke da juna, inuwar reshen darbejiya ko kashin tantabara a kan gida ɗaya na iya rage ƙarfin layin gaba ɗaya.

Amma ni a ganina, mafi yawan masu cewa sola ta ba su kunya ba faranti ne ya ba su kunya ba, batir ne. Farantin kirki na iya shekara 25 yana aiki. Batir kuwa shi ne mai saurin tsufa, kuma shi ne mai cin kuɗi.

Mu yi lissafi. Batirin ruwa mai bolt 12 da am 200 yana ɗaukar wat 2,400 na awa guda. Sai dai irin wannan batir, in ana son ya yi ƙarko, ba a shan fiye da rabinsa. Saura 1,200. Fanka biyu masu wat 70, su kwana suna juyawa awa 8, sun cinye 1,120. Ba a kunna ƙwai ba, ba a kalli labarai ba, ba a yi cajin waya ba, ita kanta inbata da ke juya wutar batir ta zama irin ta Nepa tana da nata kason. Shi ya sa ƙarfe 3 na dare za ka ji tana ƙara, fanka ta tsaya, maigida ya tashi yana tsine wa wanda ya haɗa masa. Idan aka riƙa tatse batirin haka kullum, ba zai yi nisa ba. Na litiyom ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, kuma yana jure caji sau dubbai. Duk wanda ka zaɓa, kada ka kulle shi a ɗaki mai zafi marar taga. Na ruwa kuma a riƙa duba shi, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na rijiya.

Dutsen guga da hita kuwa, kowanne na iya jan wat 1,000 ko fiye. In dole ne, a yi guga da hantsi, lokacin da wuta ke saukowa kai tsaye daga sama.

Wannan dabarar ta cin wuta da rana ita ce manyan tashoshi ke bi. Tashar Gorou Banda da ke kusa da Yamai, mai megawat 30, ta soma aiki a 2023, shekarar da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, ta kuwa rage wa birnin raɗaɗi da rana. A Kano ma akwai ta Challawa mai megawat 10 da aka buɗe a farkon shekarar.

Yanzu ku biyo ni wannan rijiyar burtsatse a bakin gari. Faranti shida ne a kan ƙarfe, waya ta gangara zuwa famfon da ke can ƙasa, babu batir ko ɗaya. Rana na ɗagawa famfo zai soma turo ruwa cikin tankin da ke sama, da la'asar sakaliya ya tsaya da kansa. Da magariba yara na zuwa da jarkoki, a murɗa kan famfo, ruwan da rana ta ɗora tun hantsi ya gangaro.