Darasin Ɗaukar Hoto da Waya: Safiya a Marinar Ƙofar Mata

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Darasin yau a waje za mu yi shi. Ga mu a marinar Ƙofar Mata cikin birnin Kano, ƙarfe 8 na safe saura kaɗan, kuma da wayar hannu kawai za mu yi aiki, irin wadda ke aljihunku.

Yawancinmu ba ma tuna kyamara sai ranar biki, ko ranar Hawan Daushe idan dawakai sun fito. Aikin da muke wucewa ta gabansa kullum kuwa, babu mai ɗaga masa waya, alhali shi ne yake ɓacewa ba a sani ba. Wannan marina ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ku dubi bayana. Ramuka ne birjik, amma da yawansu sun bushe, wasu ƙasa ta cike su. Wallahi abin yana damuna. Idan mu 'yan gari ba mu ɗauka ba, jikokinmu sai dai su nemi hoton sana'ar kakanninsu a hannun baƙi.

To, kafin komai, wayar ta zauna a aljihu tukuna. Ku yi sallama, ku gaisa. "Malam, sannu da aiki, yaya sanyi?" Sai ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nemi izini. Idan ya ce a'a, shi ke nan, ku yi godiya ku wuce. Nan wurin neman abincin mutane ne, don haka in da hali ku sayi ɗan ƙyalle ko ku yi ihsani. Mutumin da aka gaisa da shi yakan saki jiki ya ci gaba da aikinsa, kuma wannan sakin jikin shi ne rabin hoton.

Yanzu ku fito da wayar, ku goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. A lokacin hunturu ƙura takan kwanta a kansa, hoto ya fito dishi-dishi, mutum ya yi ta zargin waya.

Sai maganar haske, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mutane suna ƙorafi da hazo, ni kuwa ina son sa. Hazon Disamba da Janairu yana tace rana kamar yadda rariya ke tace gari, hasken ya sauko a hankali, babu inuwa mai kaifi. Ku dubi fuskar wannan dattijo, duk da malfar da ke kansa ana ganin idanunsa. Da tsakar rana ce a watan Afrilu, da inuwar malfar ta rufe fuskar baƙi ƙirin, farar rigarsa kuma ta ƙone a hoton. Shi ya sa nake cewa ku fito da hantsi, ko ku bari sai bayan la'asar. Idan dole sai da rana tsaka, ku nemi mutum a bakin rumfa, inda yake cikin inuwa amma haske na dukan fuskarsa daga waje.

Ga wata matsala ta wurin nan. Ruwan baba, wato ruwan rinin da ke cikin ramukan, duhu gare shi, kuma waya idan ta ga duhu sai ta ƙara haske da kanta, shuɗin ya koɗe. Maganinsa: ku taɓa allon a daidai hannun marinin, alamar rana za ta fito a gefe, ku ja ta ƙasa kaɗan. Kun gani? Shuɗin ya dawo da nauyinsa. Fitilar waya kuma ku kashe ta.

Bari in matso. Kada ku jawo hoto da yatsa, yana fasa shi, ƙafa ita ce za ta kai ku. Ku tsuguna daidai bakin ramin, ku riƙe wayar da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Ku riƙe da kyau, don abin da ya faɗa ramin nan ya tafi. Abin da nake nema hannuwansa ne. Ku dube su, shuni ya kama su har wuyan hannu, ya shige cikin farce da layukan tafi, ruwa na ɗiga daga yatsu. Wannan hannun ya fi fuska ba da labarin shekarun da ya yi a sana'ar.

Yanzu ku jira. Idan ya tsamo ƙyallen daga ruwan, da farko kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonku. Lokacin gajere ne, amma zai maimaita, domin ana tsomawa ana ɗagawa har launin ya kama. Ku kalli zagaye biyu ba tare da kun danna ba, ku gane tafiyar hannunsa, a na uku ku ɗauka. Yauwa, ga shi nan.

Daga nan za mu leƙa ɗakin masu bugu, inda ake dukan ƙyalle da guduman itace har ya yi sheƙi, irin sheƙin rawanin ɗan Kura da Buzaye ke so. Ciki da duhu, don haka ku tsaya ƙofar tana gefenku, ku ɗauka a jere da sauri, daga baya ku zaɓi wanda gudumar take sama.

Idan kun koma gida, a ranar ku rubuta wuri da kwanan wata, da sunan mai aikin in ya yarda. WhatsApp yana rage ingancin hoto, don haka ku tura shi a matsayin fayil, ku kuma ajiye kwafi a Google Photos ko a kwamfuta, saboda waya tana ɓata. Wanda ya fi kyau ku wanke shi a takarda, ku kawo wa mai shi nasa.

Aikinku na wannan mako: ku nemi mai sana'a ɗaya a unguwarku, maƙeri ko mai ƙosai ko wanzami, ku gaisa, ku nemi izini, ku ɗauko mana hannuwansa a bakin aiki. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu hau Dutsen Dala da la'asar, mu koyi ɗaukar gari daga sama. Wassalamu alaikum.