Kwalliya da Lafiyar Mai Zaman Gida: Laccar da Aka Gabatar wa Mata a Daura

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena, na gode da kuka ajiye girki da raino kuka amsa wannan gayyata.

Da yawanmu muna tune da watan Afrilun 2020, lokacin da aka rufe garin Daura saboda cutar korona, inda maza suka ɗanɗana zaman gida na 'yan makonni, wasunsu suka fara kukan ciwon baya da ƙuncin zuciya. Mu kuwa wannan zama shi ne rayuwarmu shekara da shekaru, don haka ya kamata mu san yadda za mu yi shi ba tare da jikinmu ya lalace ba.

Kakanninmu ma sun yi zaman kulle, amma nasu ya sha bamban da namu. Kafin hantsi, mace ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga ashirin a rijiya, ta share tsakar gida, duk a cikin rana da iska. Yau gero yana zuwa inji, ruwa yana zuwa a kurar 'yan garuwa, mu kuma muna kishingiɗe a ɗaki da waya a hannu, labule a sake. Mun huta, alhamdu lillahi, sai dai hutun ya zo mana da teɓa da ciwon gwiwa da hawan jini tun muna da ƙuruciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, kuma zagaya tsakar gida da sauri bayan sallar asuba yana cikin lissafi. Ku fito hantsi ya taɓa ku, domin da hasken rana fata take samar da sinadarin bitamin D, wanda ƙashi yake buƙata kafin ya yi ƙarfi.

Sai maganar sutura, wadda ita ce ta fi damuna. Bayan haihuwata ta uku na shafe watanni da ɗaurin ƙirji da tsohon kallabi, atamfofina suna ninke a akwati suna jiran biki, har na fara gudun madubi. Ranar da na yi wanka da sassafe, na sa riga da zane masu kyau, na turara su da turaren wuta, ba don baƙo ba, ba don fita unguwa ba, a ranar na ji ƙirjina ya saki. Maigida ya lura, amma ni ce na fara amfana. Kitso a kan lokaci, asuwaki, lalle a ƙafa, man kaɗanya a dunduniya kafin hunturu ya kawo faso, babu mai tsada a cikinsu.

Abin da nake roƙonku da girman Allah shi ne ku nisanci man bilicin. Wasunsu suna ɗauke da sinadarin makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda, wasu kuma suna sirantar da fata har ciwo ya ƙi warkewa, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Haka kwallin dutse, an sha samun gubar dalma a cikinsa, saboda haka kada a ƙara sa wa jariri shi a ido, ko da ranar suna ce, ko da kaka ta matsa.